GYAMBON CIKI: MAFARINSA DA HANYAR RABUWA DA SHI

Cikin cuce-cucen da ke addabar masu aikin zama, watau akawuna da malaman makaranta da sauran ma'aikatan ofis, da wuya a sami wanda sunansa ya kama bakin mutane kamar gyambon ciki, wanda 'yan zamani ke kira olsa. Kusan ko wane ofis ka shiga ba za ka rasa mutum guda da ya ajiye kwalbar farin magani cikin aljihun tebur ba, ko gwangwanin madara, ko ɗan ƙullin kanwa. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ai ni mai olsa ne," kamar wanda ke gaya maka sunan garinsu. Ya riga ya sallama, ya ɗauka shi da wannan ciwo sai kabari ya raba. Ya bar yaji, ya bar tsami, ya bar ƙosai, ga albashi yana zurarewa kantin magani ko wane wata, ga shi kuma ciwon bai bar shi ba.

To, jama'a, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne mu shaida muku wannan sallamawa ba ta da dalili yanzu. Yau fiye da shekara 40 ke nan da likitoci suka gano ainihin mafarin yawancin gyambon ciki, suka kuma sami hanyar kawar da shi cikin 'yan makonni. Amma labarin bai game gari ba tukuna, har yanzu mutane da yawa suna lallashin ciwon da dabarun da aka sani tun zamanin En'e. Rashin sani kuwa, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

YADDA TUMBI KE AIKI

Kafin mu shiga zancen ciwo, ya kamata mu san wurin da ya ke kamawa. In mutum ya haɗiye lomar tuwo, ta kan bi maƙoshi ta faɗa cikin wata jaka da ke ƙarƙashin haƙarƙari wajen hagu, watau tumbi. Nan za ta tarad da wani ruwa mai tsananin tsami, wanda likitoci ke kira asid. Tumbin baligi ya kan tsatso wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwan narkar da abinci ko wace rana. Daga tumbi abinci ya kan wuce bakin ƙaramin hanji, wani yanki wanda tsawonsa bai fi taƙi guda da 'yan kai ba.

An fara ganin wannan aiki da ido ta wata hanya mai ban mamaki. Cikin 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki. Likitan soja, William Beaumont, ya yi jinyarsa har ya tashi, amma raunin ya warke ya bar ƙofa daga waje har cikin tumbi. Sai likitan nan ya riƙa ɗaure 'yar tsokar nama da zare yana zurawa ta ƙofar, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba yadda ta narke. Cikin 1833 ya buga littafi a kan abin da ya gani.

Mai hankali zai tambaya, ruwan da ke narkar da naman sa, me ya hana shi narkar da tumbin da ke riƙe da shi, tun da shi ma nama ne? Amsa ita ce, Allah ya shafe bangon tumbi da wani yauƙi mai kauri, kamar yadda magini ke yi wa soro yaɓe da makuba don kada damina ta cinye shi. Muddin yaɓen nan na nan daram, tsami ba ya taɓa nama. Ran da ya zaizaye a wani wuri, tsami ya sami ƙofa, sai ya ci naman wurin ya bar miki. Wannan miki shi ne gyambon ciki, ko a tumbi, ko a bakin hanji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin tambaya dai shi ne, mene ne ke tsaga bangon?

ZAMANIN MADARA DA WUƘA

Shekaru masu yawa likitoci ba su tsaya kan wannan tambaya ba, sun sa ido ga tsamin kaɗai. Cikin 1910 wani likita mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'ida, cewa inda babu asid babu gyambo. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta ce. Aka ɗora laifi kan damuwa, da yawan tunani, da cin yaji, da jinkirin cin abinci, aka ce su ke sa tsami ya yi yawa.

Cikin 1915 Likita Bertram Sippy na birnin Shikago ya fito da tsarin jinya wanda ya game duniya. A kwantar da maras lafiya, a riƙa ba shi madara da kirim ko wace awa tun safe har dare, a tsakani kuma a ba shi garin magani mai kashe kaifin tsami, a yi ta haka makonni. Daga nan ne al'adar shan madara don olsa ta samo tushe, har ta iso disfensarorinmu. Wanda madara ta kasa sai a kai shi ɗakin fiɗa, a yanke wani sashi na tumbinsa, ko kuwa, tun daga 1943, a datse jijiyar da ke ba tumbi umurnin tsatso asid.

Cikin 1976 aka sami sauƙi babba, sa'ad da aka fito da ƙwayar simetidin a Ingila, wadda ke rage tsatsowar asid tun daga tushe. Sir James Black, wanda ya jagoranci aikin, ya sami lambar girma ta Nobel cikin 1988. Cikin shekarar nan kuma aka fara sayar da omefrazol, wanda aka ƙago a Suwidin, ya kuma fi na farko ƙarfi. Da waɗannan magunguna gyambo ya kan rufe cikin wata ɗaya ko biyu. Amma fa da an daina sha, kafin shekara ta kewayo sai ya komo wa fiye da rabin waɗanda suka warke. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

LIKITOCI BIYU NA BIRNIN PERTH

Kan macijin a can ƙasar Ostireliya aka gano shi. Cikin 1979 wani likita mai duba naman jiki da madubin ƙara girma, Robin Warren, na babban asibitin birnin Perth, ya lura da waɗansu ƙananan ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa, kwance ƙarƙashin yauƙin tumbin marasa lafiya. Ya kuma lura duk inda su ke, naman wurin ya kan kumbura. Abokan aikinsa ba su kula ba, gama littattafan likitanci na lokacin sun koyar cewa babu mai rai da zai iya zama cikin tsamin tumbi.

Cikin 1981 wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Suka yi ta ƙoƙarin shuka ƙwayar a faranti don su san irinta, ta ƙi tsirowa, don ma'aikatan ɗakin gwaji su kan zubar da faranti bayan kwana 2 in ba su ga kome ba. Sai lokacin hutun Ista na 1982 aka bar waɗansu faranta har kwana 5 ba a waiwaye su ba. Da aka komo aiki, ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma gare ta. Suka duba mutum 100 da aka leƙa cikinsu, a ciki akwai 13 masu gyambon bakin hanji, dukansu 13 kuwa suna ɗauke da ita.

Duk da haka manyan likitoci suka ƙi yarda. Da Marshall ya ga gardama ta ƙi ƙarewa, cikin 1984 sai ya sa aka leƙa tumbinsa aka tabbatar lafiya lau ya ke, sa'an nan ya dama ƙwayar nan cikin ruwan romo ya shanye. Kafin mako ya cika ya fara amai da warin baki. Ran kwana na 10 aka sake leƙawa, aka tarar tumbin ya kumbura, ga ƙwayar nan ta kafa gida. Ya sha magani ya warke. Gyambo bai kai ga fita masa ba, amma ya nuna a fili ƙwayar ke kawo kumburin da gyambo ke tsira a kansa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tabbatar in an kashe ta, kaɗan ne ƙwarai gyambo ke komo musu, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Cikin 1994 babban taron likitoci na gwamnatin Amurka ya yanke cewa duk mai gyambo da ke ɗauke da ƙwayar a ba shi maganin kashe ta. Cikin 2005 aka ba Warren da Marshall lambar Nobel.

Sunan ƙwayar nan Helikobakta pailori. Dabararta ta zama cikin tsami kuwa matan gida sun san irinta. Kamar yadda uwargida ke jefa kanwa cikin miyar yakuwa don ta kashe tsaminta, haka ƙwayar nan ke fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin asid kewaye da jikinta. Sa'an nan ta murɗa ta shige ƙarƙashin yauƙi ta zauna, shekara da shekaru, tana raunana yaɓen.

INA MU KE CIKIN WANNAN LABARI?

An ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, amma ta fi yawa inda a ke da cunkoso a gida da ƙarancin ruwa mai tsabta. Cikin 1992 Likita Holcombe da abokan aikinsa na Maiduguri suka buga sakamakon gwajin jini da suka yi wa jama'ar yankin, suka sami 85 cikin 100 suna da alamarta, galibinsu kuwa tun ba su wuce shekara 10 ba suka kamu. Daga mutum ta ke zuwa mutum, ta yawu, da amai, da bayan gida in ya gurɓata ruwa ko hannu, yawanci cikin gida ɗaya, tun ana yara.

Kada wannan lissafi ya firgita kowa. Galibin masu ɗauke da ita za su gama rayuwarsu ba su san tana nan ba. Wajen ɗaya ko biyu ne cikin goma gyambo ke fita musu. Sai dai akwai wani dalili kuma da ya sa ba a wasa da ita ga wanda ta fara damu: cikin 1994 ofishin binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi, ko da ya ke kaɗan ne daga masu ita abin ke kai su can.

MAFARI NA BIYU, MAGANIN GAJIYA

Abu na biyu da ke tsaga bangon tumbi da kuɗinmu mu ke sayensa. Su ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da ibufurofen, da diklofenak, da firoksikam. Cikin 1971 wani masani na London, John Vane, ya gano yadda su ke aiki: su kan hana jiki yin wani sinadari da ke kai saƙon zafi. Abin baƙin ciki, wannan sinadari shi ne kuma ke sa tumbi ya sabunta yaɓensa. Saboda haka ƙwayar da ta kwantar maka da ciwon gwiwa, ita ce ke kankare yaɓen cikinka. Ko ta allura aka ba da ita haka ne, gama ta jini ta ke bi.

Mun san yadda abin ya ke a garuruwanmu. Mutum ya taso aiki da yamma jiki ya yi tsami, ya ratsa wurin mai kemis ko mai tallan magani a faranti, ya ce a haɗa masa na gajiya. A zubo masa ƙwaya huɗu ko biyar masu launi dabam dabam, ba suna, ba takarda, sau da yawa biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Ya kora da ruwa, gobe ma haka. Haka kuma garin ciwon kai da a ke sayarwa cikin 'yan ƙunshin takarda, akwai mai asfirin da yawa a ciki. Hatsarin ya fi tsanani ga wanda ya haura shekara 60, da wanda ya taɓa yin gyambo, da mai haɗa iri biyu, da mai shan su tare da ƙwayoyin nan irin su deksametazon waɗanda waɗansu ke sha don neman ƙiba. Mugun abu game da irin wannan gyambo shi ne ya kan zo shiru, tun da maganin da ya haƙa shi yana danne zafinsa, sai dai kwatsam a ga jini.

Wanda ya taɓa yin gyambo, in ciwon kai ko zazzaɓi ya kama shi, farasitamol ya fi masa aminci, muddin bai wuce ƙa'ida ba. Wanda kuwa likita ya ɗora shi kan ƙaramar asfirin saboda ciwon zuciya ko shanyewar jiki, kada ya daina da ra'ayin kansa. Ya koma ya gaya wa likitan, akwai maganin kare tumbi da a ke haɗa masa da ita.

HANYAR WARKEWA

Mataki na fari shi ne a tabbatar da ciwon. Gyambo ya kan zo da zafi ko gurgura a ƙahon zuci. Na bakin hanji ya kan taso awa 2 ko 3 bayan cin abinci, ya kan ta da mutum cikin dare, in an ci wani abu ya lafa. Na tumbi kuwa wani lokaci cin abincin ne ke ta da shi. Amma ba duk zafin ƙahon zuci ne gyambo ba. Mafi yawan masu kukan olsa in an leƙa cikinsu ba a samun miki. Wani ƙwarnafi ne, watau tsami ke hawowa maƙoshi, wani tsakuwa ce a matsarmama, wani ma ciwon zuciya ne ya ɓad da kama. Don haka mutum bai kamata ya raɗa wa ciwonsa suna da kansa ba.

Ana gane ƙwayar ta gwajin bayan gida, ko gwajin numfashi, ko ta ɗan naman da a ke tsinkowa sa'ad da aka zura siririn bututu mai fitila ta baki a leƙa tumbi. Gwajin jini shi ya fi araha, amma aibinsa shi ne ba ya rarrabe ƙwayar da ke nan da wadda ta riga ta mutu, gama alamar ta kan daɗe cikin jini. A ƙasar da mutum 8 cikin 10 ke da alamar, wannan gwaji ba ya faɗin abu mai yawa.

Mataki na biyu shi ne magani. Ƙwaya guda ba ta kashe Helikobakta, sai an yi mata taron dangi. Likita ya kan haɗa mai rage asid irin omefrazol da masu kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, kamar amoksisilin da klaritromaisin, ko kuwa ya ba da haɗin guda huɗu mai bismut a ciki. Yawanci kwana 14 a ke yi ana sha. Mai juna biyu, da wanda penisilin ba ya karɓarsa, da mai shan wani magani dabam, su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Nan ne fa mutane da yawa ke faɗuwa. Maganin ya kan sa ɗacin baki, da tashin zuciya, da sakin ciki. Ga shi kuma kwana 3 ko 4 da farawa zafin ya kan ɗauke. Sai mutum ya ce ai ya warke, ya ajiye sauran don wata rana, ko ya ba maƙwabci. Alhali kuwa raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kai suna nan, za su hayayyafa, in an komo da maganin nan kuma ba zai ci su ba. Abin ya kai cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helikobakta mai jure wa klaritromaisin cikin jerin ƙwayoyin da a ke bukatar sabon magani dominsu. Metronidazol ma, wanda aka fi sani da Flagyl, yawan shansa barkatai don ko wane ciwon ciki ya sa ya rage kaifi ƙwarai a ƙasashen Afirka. Saboda haka wanda ya fara, ya ƙarasa har ƙwaya ta ƙarshe, a kan lokaci.

Bayan kwana 14 ɗin, likita ya kan sa a ci gaba da mai rage asid kaɗai har mikin ya rufe, wajen mako 4 ga na bakin hanji, mako 8 ga na tumbi. Gyambon tumbi a kan sake leƙa shi bayan haka, don a tabbatar ya rufe, kuma ba daji ne ya ɓuya a bayansa ba.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi mantawa, watau a koma a gwada ko ƙwayar ta mutu. A kan jira aƙalla mako 4 bayan gama masu kashe ƙwayoyin cuta, a kuma dakatar da omefrazol mako 2 kafin gwajin, in ba haka ba ƙwayar ta kan laɓe gwaji ya ce babu ita. In an same ta har yanzu, sai a sake wani haɗin dabam. In ba a same ta ba, to alhamdu lillahi, an sare kan maciji.

ABINCI, DA GORO, DA KANWA, DA AZUMI

Me mai jinya zai ci? Bincike bai nuna barkono na haƙa gyambo ba, haka kuma jinkirin karin kumallo. Sai dai mai miki a ciki ya kan ji zafi in waɗansu abubuwa sun taɓa wurin, ko wane mutum kuwa da nasa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Abin da ka lura yana ta da maka ciwo, ka bar shi har ka warke. Abin da ba ya damunka, ci abinka. Babu dalilin da zai sa magidanci ya shekara kan kunu da farar shinkafa har ya rame.

Madara ta kan kwantar da zafi na ɗan lokaci, sa'an nan ta sa tumbi ya ƙara tsatso asid. Abinci ce mai kyau, amma ba ta warkar da miki. Kanwa ita ma ta kan kashe tsami nan take, shi ya sa mai shanta ke yin gyatsa ya ji daɗi, amma ba ta taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan, ga ta kuma da gishiri mai yawa wanda ke cutar mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Farin maganin kwalba ma aikinsa ke nan, lallashi. Goro da kofi da shayi mai kauri su kan zuga tumbi ya ƙara tsami, don haka akawun da ke karya kumallo da goro ya sassauta, ya sa wani abu a ciki tukuna. Taba sigari kuwa babu sassauci game da ita: tana jinkirta warkewar miki, tana kuma sa ya komo. Giya ma a nisance ta.

Damuwa fa? Ita kaɗai ba ita ce tushe ba, amma ba a wanke ta sarai ba. Bayan girgizar ƙasa ta birnin Kobe a Japan cikin 1995, likitocin yankin sun ga masu gyambo mai zubar jini sun ƙaru. Watau tashin hankali na iya hura wutar da ta riga ta kama. Barci isasshe da kwanciyar rai suna taimakon mai jinya.

Game da azumi, wanda gyambonsa ke ɗanye, ko ya yi zubar jini kwanan baya, ya nemi shawarar likita tun watan Sha'aban, ba a fafe gora ranar tafiya. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame ya sha ya rama bayan ya sami sauƙi, malamai kuma suna nan a tambaye su. Wanda aka kashe masa ƙwayar, mikinsa ya rufe, galibi ya kan yi azuminsa lafiya. In likita ya ce a ci gaba da omefrazol, a sha shi wajen rabin awa kafin sahur.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Gyambon da aka yi ta lallashi ba a warkar ba yana iya cin jijiyar jini, ko ya huda bangon tumbi gaba ɗaya, ko tabonsa ya toshe hanyar abinci. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi babban asibiti da shi nan da nan, ko tsakar dare ne:

Aman jini, ko amai baƙi mai kama da dusar kofi.

Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari. Maganin ƙarin jini da bismut su ma su kan baƙanta bayan gida, amma ba su sa danƙo da irin wannan wari.

Jiri, da gumi mai sanyi, da faɗuwa in an miƙe tsaye.

Ciwo mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar allo, mutum ba ya son ko motsi. Wannan alamar hujewa ce, aikin fiɗa ne, ko wace awa aka ɓata kuwa tana rage begen tsira. Kada a ba shi abinci, ko ruwa, ko jiƙo.

Akwai kuma alamun da ba na gaggawar dare ba ne, amma ba a wuce 'yan kwanaki ba a ga likita ba: rama ba dalili, da amai kullum bayan cin abinci, da wuyar haɗiya, da ɗashewar ido da tafin hannu, da ciwon ƙahon zuci da ya fara sabo ga wanda ya manyanta.

NAUYIN DA KE KANMU

Malamai da akawuna, ku ne idon gari. Ku a ke kawo wa takardar asibiti ku karanta, ku a ke tambaya ko maganin nan na da kyau. In ɗan'uwa ya zo muku da kukan olsa, ku yi masa tambaya uku. An gwada ka an ga ƙwayar? Ka sha maganin har ƙarshe, ka koma an duba? Kana shan maganin gajiya? Amsar waɗannan ta kan nuna inda gizo ke saƙa. Malamin makaranta kuma ya tuna yawancin kamuwa tun ana yara a ke yi, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kafin a sa hannu a akushi, da tsabtace randa da moɗa, da hana tauna wa jariri abinci a baki, darasi ne da ya cancanci allo.

Mun san gwaji da magani na kwana 14 suna da tsada ga mai ƙaramin albashi, ba kuma ko wane asibiti ke da bututun leƙa ciki ba. Amma mutum ya zauna ya lissafa abin da ya kashe kan madara da farin magani cikin shekara biyar, da kwanakin aiki da ya rasa, ya gwada da kuɗin jinya guda wadda za ta raba shi da ciwon. Muna kuma roƙon hukumomin lafiya na jihohi su wadata manyan asibitoci da kayan gwajin nan, su kuma sa ido kan masu haɗa ƙwayoyi a faranti.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana ita, amin.